Rasuwar Kwamfutar da Na Gaya wa Iyaka a Rufe Take

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda kuma ta ƙi zama wuri ɗaya, ni Bawa Illo na Burkusuma nake sanar da rasuwar kwamfutar da muke kira Hajiya, ta ɗiyata Saudatu. Ku sani tun yanzu, ran Alhamis masu haƙa rijiya za su sa diga a gonar Labbo, kuma mai yiwuwa babu ruwa a wurin.

Marigayiya ta shekara huɗu tana yi wa Saudatu hidima a karatunta na ruwan ƙarƙashin ƙasa. Mai haƙuri ce, ba ta taɓa neman abin da ya wuce caji da inuwa ba. Damina biyu da suka gaza, rijiyoyinmu suka koma laka, ita ta ɗauki nauyin nuna mana inda za a haƙa sabuwa. Takan yanka taswirar ƙasarmu gida-gida kamar gidajen dara, ta lissafa yadda ruwa ke tsiyaya daga kowane gida zuwa maƙwabcinsa. Gidajen bakin taswira ne ba su da maƙwabci, sai an gaya mata abin da ke bayansu: ko ruwa na wucewa, ko a toshe yake.

Nan laifina ya shigo. Saudatu ta kira ni daga Sakkwato, ta tambayi yadda iyakar arewa take. Na ce mata a rufe take ruf, ko buhun gero ba ya wucewa. Ni iyakar Nijar nake nufi. Ita ta ɗauka dutse ne ya tare ƙasa. Hajiya ba ta yi musu ba, ta gina bango a lissafinta, ruwa ya taru a gindinsa, daidai gonar Labbo. Na tsaya ƙofar masallaci na shaida wa jama'a cewa can ruwa yake. Labbo ya ba da kusurwar gonarsa.

Yero makiyayi ne ya tona mu. Da ya ji bayani sai ya yi dariya ya ce, "Malam Bawa, yaushe aka kai wa ruwa kwastan?"

Saudatu ta taho gida, ta rushe bangon, ta sa Hajiya ta sake lissafi. Cikin zafin azahar fankarta ta fara kuka, wiii, wiii, kamar sauro a kunne. Ta kai sittin cikin ɗari na lissafin, ta yi ƙit sau ɗaya, fuskarta ta yi baƙi. Mun yi mata fifita da faifai. Ba ta dawo ba.

Ta rasu ta bar caja mai ɗaurin leda, da linzamin da ake latsa ta da shi, da jaka, da faifan sola wanda har yanzu yake shan rana bai san an yi rashi ba. Ta bar Saudatu, wadda ba ta ce mini komai ba sai "Ba komai, Baba", kuma wannan ya fi faɗa ciwo.

Gobe da hantsi za ni kai gawar bisa babur wurin Jibrilla mai gyara a Sabon Birni, ya buɗe cikinta ko lissafin ya tsira. Za a karɓi gaisuwa a zaurena. Masu zuwa su taho da ruwan shansu.

Kalilu, shugaban masu haƙa, ya ce in ba Alhamis ba sai bayan wata biyu, don mutanen ƙauyen Gangara na jiransa. Har yanzu ban san ko in ce masa ya haƙa ba, kuma ba wanda ya san inda ruwan ya nufa da aka ɗauke masa bango.