Luguden Kakata a Gaban Farfesoshi

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na kare kundin digirina na biyu ba, kuma ko na so in manta, mutanen gidanmu ba za su bari ba.

Fannin da na karanta shi ne kiɗa da fasahar sarrafa sauti. A garinmu Bagudo idan ka faɗi haka, abin da mutane ke ji shi ne ka tafi jami'a koyon ɗaura lasifika a gidan biki. Wannan bai dame ni ba sosai. Abin da ya dame ni shi ne wa'adin karatuna ya ƙare, an ƙara mini, ya sake ƙarewa. Malamar da ke duba aikina ta gaya mini ƙarara cewa idan farfesan da za a gayyato daga wata jami'a bai amince da kundin ba, babu sauran ƙari, sai dai in tattara wayoyina in koma gida.

Bincikena a kan waƙoƙin daka ne. Duk wanda ya taɓa naɗar mata suna lugude ya san matsalar: taɓarya tana faɗa wa turmi da ƙarfi, ƙarar ta danne murya, ka koma gida da dum-dum kawai, ba waƙa. Ni kuma na ce zan samo hanyar da za a ji dakan, a kuma ji kowace kalma. Da aka tambaye ni inda zan yi naɗin, na ce ai ba sai an wahala ba, kakata ta wajen uwa tana wani ƙauyen Dandawa a bakin ruwa, can dab da iyakar Benin, kuma babu mai kama ta a lugude. Malamata ta tambaya ko ina jin Dandanci. Na ce ƙwarai kuwa, da shi aka yi mini reno. (Gaskiyar magana, daga gaisuwa sai "zo ka ci abinci", nan Dandancina ya tsaya.)

Na hau babur daga Bagudo da jakar kaya a baya, muka yi ta tafiya har wayata ta fara kama layin Benin, sannan na shiga kwalekwale. Da muka isa gaɓa na yi tsalle irin na 'yan birni don kada takalmina ya jiƙe, na nutse cikin laka har gwiwa, ina ɗage da jaka a ka, na fito ba takalmi. Mata masu wanki sun gani, suka ci gaba da wankinsu.

Kaka Hajo ta tarbe ni da tsiyar da ta saba, wai ga angonta ya iso ba ko goro. Washegari da hantsi ta tara ƙawayenta, tsofaffi masu ƙarfin damtse, aka zuba shinkafa a turame. A nan ne fa na tashi da iko. Na kafa makirfo ɗaya a ƙasa kusa da gindin turmi, ɗayan na ɗaure shi a kan gora, na sa masa rigarsa mai gashi da ke tare iska, na riƙe a saman kawunansu. Na toshe kunnuwana da manyan na'urorin sauraro. Na sa aka kori kaji. Na ce a fitar da akuya. Sau da yawa sai sun ɗauko waƙa ta fara daɗi, in ɗaga hannu in ce a tsaya a sake, saboda wata ta yi tari. Tsofaffin da suka yi jika da ni nake ba umarni kamar na haife su.

Can sai Kaka ta dube ni, ta dubi ƙawayenta, ta ɗauko wata sabuwar waƙa da Dandanci. Nan take wurin ya canza. Taɓare suka shiga juna, ana cilla su sama ana tafi ana cafewa, amshi yana tashi kamar da baki ɗaya. Matan suna yi suna dariya har da hawaye, ni kuma ina gyaɗa kai ina murmushi, idona a kan allurar rikoda. Da aka gama na tambayi Kaka wace waƙa ce wannan. Ta share ido da gefen zane ta ce, "Wagga? Tsohuwa ta, angona. Tun kakanninmu anka gada."

Na rubuta haka a kundi, da hannuna. Na ƙara da cewa amshin yana ɗauke da wani kaɗaici mai sosa zuciya. Watanni na yi ina wanke wannan naɗi a situdiyo, har na haddace amshin ba tare da na san me yake cewa ba, na kuma mayar da shi ƙarar kiran wayata.

Ranar kare kundi na sha babbar riga. Ɗakin ya cika da malamai da ɗalibai. Farfesan da aka gayyato dattijo ne siriri, mai furfura, wanda tun shigowarsa bai yi murmushi ba. Na yi bayani tiryan-tiryan, sannan na kunna waƙar. Sauti ya fito tas, kai ka ce matan suna cikin ɗakin. Daɗi ya kwashe ni, na ce bari in nuna musu yadda amshin ke hawa kan bugun taɓarya. Na buɗe baki na rera shi da kaina, ina tafi, har da ɗan rausaya.

Sai na ga kafaɗun Farfesa suna rawa. Ya cire tabarau ya ajiye, ya rufe fuska da hannu. Da ya sami numfashi ya tambaye ni, cikin natsuwa, ko zan fassara wa jama'a abin da na rera yanzu.

Na ce waƙar tana magana ne a kan rayuwa. Ya ce wane ɓangare na rayuwa. Na ce haƙuri. Ashe mahaifiyar mutumin nan 'yar Kamba ce, Dandanci kuwa a nono ya sha shi. Ya sa na sake kunna waƙar tun daga farko, yana tsayar da ni baiti-baiti yana fassarawa:

"Ga angona ya zo daga birni da marfin tukunya a kunnuwa. Ya ɗaure ɓera a kan gora yana ba shi waƙa ya ci. Kogi ya gaishe shi, ya karɓe masa takalmi. Ya yi gemu bai yi mata ba. Ya ce akuya ta yi shiru, shi bai yi ba."

Amshin kuwa, wanda na rera da tafi da rausaya a gaban malamaina, wanda wayata ke yi duk lokacin da aka kira ni, cewa yake: "Ku faɗa da ƙarfi, ba ya ji."

Ɗakin ya fashe. Wani malami ya fita waje yana riƙe da ciki. Malamata ba ta yi dariya ba, kallona kawai take yi, kuma na san tana tuna ranar da na ce da Dandanci aka yi mini reno. Na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba, na kuma ji tsoro, domin na ga digirin nan yana sulalewa daga hannuna. Farfesa ya buɗe shafin da na kira waƙar gadon kakanni, ya ce wannan ba ƙaramin kuskure ba ne, ya tambaya me ya rage a kundin da zai sa ya sa hannu.

Ban san inda na samo ƙarfin hali ba. Ina jin idan mutum ya gama zubewa, sai tsoro ya sake shi. Na amsa cewa na yi ƙarya game da yaren, shafin kuma kuskure ne, ba ni da ta cewa. Sannan na roƙi a bar ni in kunna naɗin yadda yake tun asali, kafin in taɓa shi. Na kunna. Babu abin da ke fita sai dum-dum da wata murya can nesa kamar daga cikin rijiya. Na tambayi Farfesa ko zai fassara wannan. Ya kasa kunne, ya girgiza kai.

Na ce, "Ranka ya daɗe, in ba don aikina ba, da ba ka ji zagin nan ba."

Ya mayar da tabaransa, ya ce in sake bayanin makirfo biyun. Na bayyana yadda na ƙasan ke ɗaukar bugun turmi zalla, yadda nake amfani da shi in rage bugun daga na saman daidai gwargwado, murya ta fito, lugude kuma bai mutu ba. Ya yi ta jefo tambayoyi, ina amsawa, domin a wannan fagen kam ina ji sarai. Daga baya ya faɗa wa ɗakin cewa yana da tarin kaset na waƙoƙin daka da ya naɗa tun yana saurayi, matan duk sun rasu, kuma bai taɓa iya fitar da kalmominsu ba. Ya tambaya ko hanyata za ta yi musu wani amfani. Na ce da makirfo ɗaya aka naɗe su, ba za su fito kamar wannan ba, amma zan gwada. A wurin na fara ganin murmushinsa.

Aka ce in fita. Da aka kira ni, aka ce na ci, kuma da yabo. Na ji kamar in rungumi kowa har da mai gadin ƙofa. Sai Farfesa ya ɗaga yatsa ya ce akwai sauran gyara: a cire shafin ƙarya, a sa sunan Kaka Hajo a matsayin mai waƙar, a kuma buga cikakkiyar fassarar a ƙarshen kundin, ba a rage ko baiti ɗaya ba, tare da bayanin wanda aka yi wa ita.

Haka aka yi. Yau kundina yana ɗakin karatu na jami'a, an yi masa bango mai kyau, sunana da ruwan zinari. Na ji an ce ɗalibai suna yawan aronsa, kuma na san ba don makirfo biyun ba ne. Ni dai darasin da na ɗauka shi ne, duk ranar da tsofaffi suka dube ka suka ɗauko waƙa suna dariya, ka nemi tafinta kafin ka fara amshi.