Maɓallin Hagu a Zauren Baffa

Ba zan taɓa mantawa da yammacin da na gyara kwamfutar Baffa ba, ko da yake ya kamata in bayyana madogarata tun farko. Abin da ya faru a gaban allo, ni ne shaida. Abin da ya faru a bayana kuwa, daga bakin Yaya Sani, babban ɗan Baffa, na ji shi, kuma shi mutum ne mai ƙara wa labari gishiri. Shekarar ma akwai saɓani: ni na ce wadda na gama bautar ƙasa ce, shi ya ce ta gaba.

Baffa Malam Isiyaku, wan mahaifina, yana karantar da magidanta a zaurensa a Durba. Wani ɗalibinsa ya kawo masa laftof daga Saudiyya, aka zuba tafsirin marigayi kakanmu a ciki, wanda aka kwafo daga tsofaffin kaset-kaset. Kaset ɗin kuwa damina ta riga ta lalata su. Ke nan muryar Kaka ba ta rage a ko'ina ba sai a cikin wannan na'ura.

Da ta fara ƙin tashi, aka aiko mini har garin Kibiya, inda nake zaune. Ina da digiri a kimiyyar kwamfuta (wannan ba alfahari ba ne, hujja ce). Na zauna bayan La'asar, ɗalibai sun yi sahu a bayana, na yi musu bayani dalla-dalla: akwai ɓoyayyen sashe a rumbun kwamfuta inda kamfani ya ajiye asalin manhajarta. Daga can hanya biyu ce. Ko a mayar da ita yadda take makon jiya, ajiya ba ta taɓu ba, ko a mayar da ita yadda ta fito daga kamfani, a share komai.

"To, ta farkon muke so, Injiniya," in ji Baffa.

Na buɗe sashen. Sai ga allo duk Larabci.

A nan zan faɗi gaskiya: na sauke Alƙur'ani, amma Larabcin na'ura ban taɓa haɗuwa da shi ba. Jikan marigayi Malam guda, a zauren baffansa, ya waiwaya ya ce a karanta masa? Ban iya ba. Na tuna cewa a irin wannan kwamfuta ta Turanci, zaɓi mai aminci yana hagu. Na yi bisimilla da ƙarfi, na danna hagu. Wani jan rubutu ya fito, na ce, "Wannan gaisuwa ce kawai irin tasu," na wuce.

Abin da ban lissafa ba shi ne, Larabci daga dama yake farawa, kuma allon gaba ɗaya a juye yake.

Ta tashi fes, har da kiɗan maraba. Aka yi kabbara. Baffa ya ce, "Madalla. Sa mana Baba mu ji." Na nema, na sake nema. Babu ko tari ɗaya na Kaka.

Baffa ya gyara tabarau ya ce, "Ai na ga jan rubutun ya ce za a shafe dukkan abin da ke ciki."

"Baffa, ka karanta?"

"Duk mun karanta. Amma ba a yi wa mutum gyara a fanninsa."

Yaya Sani ya rantse har laɓɓan wasu sun motsa suna bin rubutun. Washegari na kai ta wurin mai gyara a Rano, ya duba ya ce sai haƙuri. Har yau in na shiga Durba, ana ce mini Injiniya Hagu.

Na koyi darasi: yanzu ko allon Hausa ne, sai na karanta a bayyane kafin in taɓa. Amma ban yarda laifin nawa ne ni kaɗai ba, kuma ba zan yarda ba. Ni na danna abin da ban iya karantawa ba. Su sun karanta, suka yi shiru saboda ladabi. Na tambayi Baffa, ya ce Allah ne masani. To, tsakanina da su, wa ya shafe muryar Kaka?