Dorinar Dutsen Zaki

A wani daji da ya rabu ƙasa uku, Dutsen Zaki da Kurmin Giwa da Fadamar Ɓauna, aka yi shekarar wani zazzaɓi mai ɗauke ƙananan dabbobi. Majalisar dajin ta samo magani, amma ta ce ba mai samu sai ya cike fom a waya, wai zamani ya zo. Kurege aka ba aikin tsara fom ɗin, tunda ya taɓa zama a bayan gari.

Fom ya yi kyau, ba laifi. A gurbin da aka rubuta "Ƙasarka" Kurege ya jera sunaye uku, ya ɗora Dutsen Zaki a sama, a zaɓe tun kafin ka taɓa. Duk ƙasar da ka bari a gurbin, can za a aika da maganinka.

Tasallah dorina ce. A kogin da ya raba ƙasashen nan aka haife ta, ita da uwarta da kakarta. Ɗanta tilo, Ɗanladi, kwana huɗu ke nan bai kama nono ba. Ta buɗe fom, ta ja jerin sama, ta ja shi ƙasa, babu kogi. Tsoro ya kama ta. Ta bar ɗan a bakin ruwa ta taka har majalisa.

"Ranku ya daɗe," in ji ta, "ban zo da ƙorafi ba. Ɗana ne ba lafiya, ƙasata kuma ba ta cikin fom. Ku ƙara mana layi ɗaya, ko da 'wani wuri' ne, mu rubuta da hannunmu."

Kura, shugabar kwamitin magani, ta gyara zama. "Baiwar Allah, mun ji, mun kuma tausaya. Amma kogi ba ƙasa ba ce, iyaka ce. In muka sa shi yau, Giwa zai ce mun yanke masa gaɓa, Ɓauna ya ce mun ƙwace masa mashaya. So kike a yi yaƙi saboda layi ɗaya?"

Jin an ambaci sunansa, Ɓauna ya miƙe. "Tunda an zo maganar fom, don me sunana ne a ƙarshe? Wa ya ce Giwa ya girme ni?"

Shi ke nan, aka koma kan wannan. Har la'asar ana musun wa zai hau kan wa, Tasallah tana tsaye, fatarta na tsagewa da rana, ba wanda ya sake duban inda take. Da aka tashi, Kurege ya matso kusa da kunnenta. "Inna, kada ki wahalar da kanki. Ki bar gurbin yadda kika same shi, fom zai wuce. Shi ma Kada haka ya yi, da su kifi duka."

Ta bar shi, fom kuwa ya wuce, har da saƙon godiya.

Aka ƙidaya, aka ga Dutsen Zaki ya fi ko'ina jama'a, aka kwashe magani aka haura da shi can. Tafiyar kwana uku ce, babu ko kududdufi a hanya. Tasallah ta gwada, ta yi wuni ɗaya ta juyo da rarrafe. Ranar Alhamis Ɗanladi ya mutu, kansa a kan wuyanta.

Bayan sadakar uku aka turo mata wani fom, na rajistar mamata. Kurege ne dai ya tsara shi. Ta daɗe tana kallon gurbin nan, ba ta ma ja jerin ba. Ta danna, ya wuce.

Bana majalisa ta ninka wa Dutsen Zaki kason magani. An ce abin ya yi tsanani a can, har dorina yana kashewa.