Tarwadar da Ba Ta Ci Sai An Yi Tafi

A wani gari wai shi Sai-An-Zauna, kowa ya san Dakta Jatau na Cibiyar Binciken Kifin Gobe. Masu shayi sun ce tarwadarsa ta fi 'ya'yansu ilimi. 'Yan kasuwa kuwa sun ce sun sha ganin ta a kalanda, amma ba su taɓa ganin ta a faranti ba.

A cibiyar, ba a fito da abincin kifi daga sito sai ranar da manyan baƙi suka zo. A kafa rumfa, Dakta ya yi jawabi, a tafa, sannan Mai Gari ya watsa abinci a kududdufi. Haka kifin suka taso, iyaye da jikoki.

Da aka raba wa manoma irin tarwadar, Inna Dudu mai tuyar kifi ta sayar da tumakinta ta haƙa kududdufi. Ba a jima ba ta faɗo ofishin Dakta.

"Dakta, kifinka sun ƙi cin abinci. Kullum sai na kwashe gawa."

"Inna, kin yi musu jawabi?"

"Jawabin me? Ni da ko a biki ba na magana?"

"To tafi fa?"

"Da hannu ɗaya zan watsa, da ɗaya in tafa?"

Majalisar gari ta kafa Kwamitin Gano Dalili. Kwamitin ya zauna, ya ci farfesun kifin da aka sayo daga garin maƙwabta, ya gano cewa binciken Dakta lafiya ƙalau yake, manoma ne ba su iya taro ba. Aka naɗa Sarkin Tafi.

Abin ya tsaya wa Dakta a rai, don shi ya san wanda ya koya wa kifin wannan hali. Ya aika wa Inna Dudu cewa zai zo da kansa. Jin babban baƙo na tafe, ta sayar da buhun abincin da ya rage ta yi hayar rumfa da kujeru.

Dakta ya tsaya a bakin ruwa, ya yi gyaran murya. Jama'a suka tafa. 'Yan kifin da suka rage suka taso, baki buɗe. Ya waiga, ya ga mutanen gari su ma haka.

"Inna, ina abincin?"

"Ai kana zaune a kansa ɗazu."

Dakta ya cire hularsa.

"Ku yi haƙuri," in ji shi. "Wallahi jawabin kawai na zo da shi."