Don Pancracio Ya Rasu a Tumbin Yahuza

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hannun dama ɗaure cikin filasta har kafaɗa, ni Asdrúbal Marcano, tela a unguwar Los Cocos ta garin Río Caribe, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar rediyon gidanmu, Don Pancracio, wanda ya riga mu gidan gaskiya da yammacin Lahadin Ista yana da shekara arba'in da ɗaya. Bai yi mutuwar kan katifa ba. An rataye shi, an yi masa ruwan sanduna, an zuba masa fetur, aka cinna masa wuta a gaban mutum fiye da ɗari biyu. Wanda ya ƙyasta ashanar kuwa ni ne.

Marigayin ya shigo gidanmu ne a hammatar mahaifinmu Nicanor, masunci, wanda ya raɗa masa suna. Ya yi wa Baba hidima shekara da shekaru, yana faɗa masa inda iska za ta kaɗa da yadda wasan besbol ya tashi. Sau biyu yana faɗawa teku, sau biyu ana shanya shi a kan kwanon rufi yana farfaɗowa. Ba shi da ci, batir huɗu kan kai shi wata biyu. Kuma mai ladabi ne, bai taɓa fara magana ba sai ya yi gyaran murya, "ƙirrr, ƙap, ƙap," yadda dattijo ke yi kafin ya yanke hukunci.

Bayan rasuwar Baba ya dawo hannuna. Shekara takwas da suka wuce na murɗa shi zuwa tashar da Ovidio Damisa ke shirinsa na siyasa, a nan kuma abin neman tasha ya karye. Saboda haka marigayin ya rayu ya mutu da aƙida ɗaya, cikakken ɗan jam'iyyar Tsani, bai taɓa sauya sheƙa ba. Tun ƙarfe shida na safe yake fara zayyana mana satar da 'yan jam'iyyar Fitila ke yi a ofishin magajin gari, ba ya gajiya har azahar. Masu cewa rabin maganarsa ƙarya ce su ji tsoron Allah, gawa suke zagi.

Ciwon ajalinsa ya samo asali ne daga wata Kirsimeti, shekara uku ke nan. Ƙanena Críspulo, mai gyaran injin kwalekwale, ɗan Fitila ne na a mutu, shi kuma wayarsa ce malamarsa, ba ya ɗaga kai daga kanta ko yana tauna. Muna kan tebur ya miƙa hannu ya kashe Don Pancracio ba sallama. Na jefe shi da faranti na fasa masa gira, ya maka mini kujera. Tun ranar bai sake taka gidan nan da nake zaune da Mama ba, alhali ƙofa huɗu ce tsakaninmu.

A Larabar Toka ta bana, ranar da ake fara azumin da ke kaiwa Ista, mahaifiyarmu, Doña Eufemia, mai shekara tamanin da huɗu, ta dawo daga coci da toka a goshi ta sa aka kira shi. Ya tsaya a titi, ni a bakin ƙofa, ita a tsakiya.

Ta ce, "Ku buɗe kunne, jakunan Nicanor. Kai Asdrúbal, ka rabu da akwatin tsegumin nan har Ista. Kai Críspulo, ka bar shafar waya, in ba kira ba. Ni na bar kofi da alewar gwanda. Ranar Ista ina son ku biyu a teburina. Wanda ya karya kada ya ƙara ce mini Mama."

Na ce, "Mama, ai labarai ne kawai."

Ta ce, "Labarai ne suka sa aka yi wa ɗan uwanka ɗinki shida?"

Daga can titi Críspulo ya ce, "Mama, wannan ko kwana uku ba zai kai ba."

Ta naɗe marigayin da ƙyalle mai launin shunayya, irin wanda ake rufe siffofin tsarkaka da shi a coci, ta ɗora shi a saman kabad ɗinta. Ban taɓa ganin ta roƙe mu wani abu da irin wannan murya ba, kuma na rantse har cikin raina na yi niyyar cikawa.

Ina so a rubuta a tarihi cewa na kai kwana goma sha tara. Na sha wuya. Na ɗinke aljihun wandon mutane, na zagi keken ɗinki, na riƙa bin ƙofar shagon aski a hankali ko zan tsinci kalma biyu. A rana ta ashirin, Mama na kasuwar kifi, na hau kujera na sauko da shi. Na naɗe bulo da ƙyallen na mayar wurinsa.

Saura wurin ɓoyo. Kamar yadda kowa ya sani, ni nake ɗinka mutum-mutumin Yahuza, almajirin da ya ci amanar Almasihu, wanda unguwa ke ƙonawa duk Ista, kuma babu mai shiga rumfar bayan gida sai ya kammala. Na bana na yi shi da kwat ɗin wani ango da bai dawo karɓa ba, kai na kwakwa, gashin baki na igiya. Mama ta hana in yi masa fuskar kowa. Duk da haka 'yan Tsani suka ce sak magajin gari ne, 'yan Fitila suka ce sak ɗan takararmu. Na tsaga bayansa ƙarƙashin kwat, na kwashe tsummoki, na kwantar da Don Pancracio a tumbinsa. Kullum da safe sai in ce zan je aikin Yahuza, in rage murya, in kwantar da kunnena a ƙirjin maci amanar Ubangiji ina jin yadda 'yan Fitila suka lalace. Ban ga abin dariya a ciki ba a lokacin.

Niyyata ita ce in fito da shi da safiyar Ista in mayar saman kabad, in zauna a tebur da fuskar waliyyi. Sai Mama ta ce mu biyu za mu kai ta coci, ɗaya a dama ɗaya a hagu. Fada, limamin cocin, ya ja huɗuba. Kafin mu fito mazan unguwa sun shiga rumfa sun ɗauke Yahuza, sun ɗura masa nokawut masu fashewa ta wuya da ta ƙafafun wando. Maƙwabciyarmu Yusmary ta ga tsaga a bayansa, ta ce ashe tela ma yana mantuwa, ta kama ta ɗinke ta tsaf da zaren kamun kifi. Allah ya saka mata gwargwadon niyyarta.

Mama ta ce sai an ƙona Yahuza za a ci abinci. Na yini ina bin amalanken da aka ɗora shi, ina neman minti ɗaya ni da shi, ban samu ba. Da ƙarfe huɗu aka karanta wasiyyar barkwanci da aka rubuta da sunansa, aka yi dariya, aka rataye shi a reshen mangwaron dandali. An ajiye wa Mama kujera a gaba. Sai aka miƙa wa Críspulo sandar farko.

Ya zabga masa a ciki. Sandar ta sami abin kunnawa.

"Ƙirrr, ƙap, ƙap."

Sai Yahuza, yana lilo a igiya, ya buɗe murya iya ƙarfinsa: "Ɓarayi ne! 'Yan Fitila ɓarayi ne, iyayensu ɓarayi, kakanninsu ma da sata suka mutu!"

Mata suka zube suna alamar gicciye. Mai sayar da ƙanƙara ya bar kekensa ya ruga. Wani tsoho ya durƙusa ya fara tona zunubansa da ƙarfi, har da wanda ya shafi matar maƙwabcinsa tana tsaye a wurin. Críspulo kaɗai bai motsa ba, domin da wannan gyaran murya aka yaye shi. Ya juyo ya dube ni.

Ya ce, "Yaya, kwana nawa ka ce ka yi?"

Wani ɗan Tsani ya ɗaga murya ya ce ko Yahuza ya san gaskiya, wani ɗan Fitila ya rufe masa baki da kwalbar giyar rake. Daga nan dandali ya kacame. An kife teburin wasan domino a kan mai shi. An juye wa kwamandan 'yan sintirin unguwa tukunyar farfesun kifi tana tafasa. Na ga Yusmary tana dukan surukinta da busasshen kifi har kifin ya rabu biyu, na ga haƙoran roba a ƙasa ana tattake su. Duk wannan Damisa na sama yana ƙara zuga, yana cewa lokaci ya yi da talaka zai tashi.

Na yi tsalle zan rungumo Yahuza in ceci marigayin. A nan Críspulo ya sauke mini sandar a hannun dama, na ji ƙashin ya ce ƙas. Na juya na sa masa goshi a baki, haƙoransa biyu suka bi iska. Muka faɗi muna birgima cikin farfesu, yana shaƙe ni ina cizon kunnensa, har muka tsaya a kan wasu silifas da muka sani.

Mama ce. Ta ratso tsakiyar faɗan da sandarta, babu wanda ya iya taɓa ta. Galan ɗin fetur na hannunta, ta riga ta jiƙa ƙafafun Yahuza. Ta sunkuyo ta ajiye mini kwalin ashana a ƙirji.

Ta ce, "Kusan wata guda ina share ƙurar bulo, ina jiran ka dawo da shi da kanka. Tashi. Kai ka ɗinka, kai za ka kunna."

Na ce, "Mama, na Baba ne."

Ta ce, "Na Babanku iska yake faɗa. Wannan ban san shi ba."

Na tashi. Críspulo ne ya riƙe kwalin, jini na bin haɓarsa, na ƙyasta da hagu. Wuta ta bi wando ta hau. Nokawut suka fara tashi daga gwiwa, kan kwakwa ya yi sama ya sauka a rufin gidan burodi, eriya ta fito ta ƙirjin kwat ta soki reshe. Marigayin bai yi raki ba, yana ci da wuta yana magana. Kalmominsa na ƙarshe su ne, "Kada ku je ko'ina, bayan wannan talla za mu tona..." Sai batir huɗun suka fashe ɗaya bayan ɗaya. Na yi kuka a gaban jama'a, ban ji kunya ba.

Ba a zauna a tebur ranar ba. An kwantar da ni da Críspulo a ɗakin shan magani, gado kusa da gado. Da magariba Mama ta shigo da kwanon alewar gwanda da cokali ɗaya, ta ja kujera tsakanin gadajen ta ɗora, ta fita ba ta ko dube ni ba. Shi ba ya iya tauna, ni ba na iya ɗaga cokali ba tare da na zubar ba. Muka yi ta kallon kwanon. Can ya ja tsaki ya ɗebo.

Ya ce, "Buɗe bakin, munafuki."

Na buɗe. Na ce, "Kai ma ai na san ka leƙa wayar nan."

Ya ce, "Ko sau ɗaya. Tana cikin buhun shinkafa a gidan Fada." Ya sake ɗebowa, ya riƙe cokalin a sama. "Ka san inda take zuwa duk Talata?"

Na ce, "Kasuwa."

Ya ce, "Asibitin birni. Tun Janairu nake jiran ta a kwanar titi ina raka ta. Abu ne a huhu, kuma likita ya daina maganar warkewa. Ta ce sau uku tana ƙoƙarin gaya maka kana karin kumallo. Sau uku kana ɗaga mata hannu, wai ta bari Damisa ya gama."

Na tuna safiyoyin nan duka uku. Na tuna har arepa, wainar masarar da ke hannuna.

Marigayin ya bar fanka mai fiffike biyu wadda suka yi zaman kanta ɗaya shekara talatin, da ƙusar da ake rataye shi, da bulo guda wanda ya riƙe masa muƙami a saman kabad. Ya bar wayar Críspulo, abokiyar hamayyarsa, wadda har yanzu ba a tono ta daga shinkafa an gaya mata ba. Ya bar mutum goma sha ɗaya da ɗinki, da maraya ɗaya mai shekara hamsin da bakwai wanda ya yafe masa komai, kansa ne kawai ya kasa yafe wa.

Za a binne abin da aka tsinto, wato eriya da murfin batir da wani narkakken abu da muke zaton lasifika ce, ranar Talata da ƙarfe bakwai na safe a gindin gwandar bayan gida. Críspulo zai haƙa ramin, tunda shi ya karya hannun da zai haƙa. Ana gayyatar 'yan Tsani da 'yan Fitila, da sharaɗin kowa ya bar sandarsa da wayarsa a bakin ƙofa. Ba za a yi jawabi ba, marigayin ya yi wa kowa nasa. Akwai kofi, Mama ta koma sha.

Muna roƙon masu ta'aziyya su taƙaita, domin motar birni ƙarfe takwas da rabi take tashi. Mama ta aiko Críspulo ya gaya mini cewa in ina so zan iya riƙe mata jaka da hannun da ya rage.