Rasuwar Wayar da Ke Nuna wa Inna Jikarta

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da jiki duk a gajiye, nake sanar da 'yan uwa rasuwar wayata, wadda ta cika ranar Asabar da la'asar a kan teburin falo, jingine da gwangwanin sukari, bayan shekara biyar tana hidima.

Marigayiyar ce ke haska gidanmu kai tsaye a shafin dangi duk Asabar, domin mahaifiyata Inna, wadda ke can nesa kuma ciwon ƙafa ya hana ta tafiya, ta riƙa ganin jikarta. Ba ta taɓa yi wa kowa ƙarya ba, sai dai gaskiyarta ba ta zuwa da wuri. Duk abin da muka yi a falo, sai bayan daƙiƙa arba'in yake isa wajen Inna. Ta koya mana haƙuri ƙarfi da yaji. In na yi barkwanci, sai ni da maiɗakina mu yi tsit muna ƙirge a zuci, har dariyar Inna ta iso a rubuce. Wallahi na gaji da ƙirgen nan, amma ban taɓa fashi ba.

Ta yi jinyar wata uku: zafin jiki, kumburin batir, da ɗan zoben nan da ke ta juyawa a fuskarta. Mai gyara ya duba ta sau biyu, ya ce a ci gaba da addu'a.

Abu ɗaya Inna ta roƙa, ta ga takun farko na jikarta. Ranar Asabar yarinyar ta saki kujera, ta taka huɗu, ta faɗa jikin uwarta. Muka yi ihu, muka soma ƙirge. Muka wuce arba'in, muka kai tamanin, shiru. Ina juyowa marigayiyar ta ce "ɗiit" sau ɗaya, fuskarta ta yi baƙi.

Ta bar caja mai ɗaurin roba, da riga tsagaggiya, da gwangwanin sukari wanda yanzu ba shi da aikin yi.

Za a binne ta gobe da hantsi a aljihun tebur, kusa da yayarta, tsohuwar wayata. Masu ta'aziyya su yi haƙuri in amsa ta makara, tarbiyyar marigayiyar ce. Muna roƙon kada kowa ya gaya wa Inna ta kashe tata wayar. A nan yarinyar har ta soma bin kyanwa zuwa ƙofa, amma a can, a hoton da ya tsaya a wayar Inna, har yanzu tana riƙe da kujera, ƙafa ɗaya a sama, Inna tana jira ta sauke.