Keken Baba Ya Rame

"...lafiya lau, Tsinke. Yaya hanya? Ashe iska ba ta yi gaba da kai ba?"

"Lafiya ƙalau, Tsoho. Au, har yanzu kana nan? Ni da na taho da shirin rabon gado, sai na tarar da kai kana shan shayi."

"Gadon wa? Sai na binne ka tukuna. Abin ma ba wuya, ramin shuka gyaɗa ya ishe ka."

Ina ƙofar kicin na danne dariya da bakin mayafi, don ba a ga suruka tana ɓaɓɓaka dariya a gaban uban mijinta ba. Tsinke ɗana ne, Baba ne ya laƙaba masa sunan saboda ramarsa, kuma sunan ya bi shi har wurin aiki. Kai saƙo yake yi a kan wani keke da ya harhaɗa da hannunsa daga tarkacen da mutane suka yar. Shi kuma Baba tare da mu yake zaune a can ƙololuwar bene, da wani baƙin kekensa mai nauyin tsiya wanda kullum yake saukewa ƙasa ya tafi wurin abokansa. Makon jiya ƙafa ta zame masa a matakala, keken ya danne shi. Allah ya kiyaye, ƙujewa kawai ya yi, amma maigidana ya rantse yau in ya taso daga aiki keken nan sai wurin masu sayen tsoffin ƙarafa. Na yi magiya har na gaji, da ƙyar ya ce to, in Baba ya iya sauke shi ƙasa shi kaɗai, ba hannun kowa, ya bar masa. Ya faɗa ne don ya san ba zai yiwu ba. Ni kuwa na san tsohon nan sarai, ranar da aka zaunar da shi a kujerar bakin taga ya gama yawo ya kuma gama walwala. Shi ya sa na kira Tsinke a ɓoye.

Ya zube jakar sifanoni a baranda, ya kama keken ya ɗaga, sai da ya yi nishi.

"Innalillahi! Tsoho, wannan keke ne ko ƙofar kurkuku aka sa wa taya?"

"Ƙarfe ne na gaske, ba irin naka ba da ake saƙa shi da wayar shanya."

"Nawa da yatsa nake ɗaga shi."

"Shi ma da yatsa yake ɗaga ka. Kai, me za ka yi da wannan sifana?"

"Tiyata. Yau keken nan zai rame."

"A'a! Kada ka shafa masa ciwonka!"

Kafin Baba ya aje kofi, murfin kaca ya faɗi ƙasa ƙwaram. Marufan taya suka biyo baya, sai fitila da ɗan injinta mai gogar taya, sai jakin tsayawa, sai wani kwando da tsatsa ta cinye. Na leƙa taga, titi ba motarmu tukuna. Na koma kicin, na rasa abin da ya kai ni, na sake fitowa.

"Fitilata! Da me zan ga hanya?"

"Yaushe rabonka da kaiwa magariba a waje? Kaji ma sun fi ka daɗewa."

"To marufan taya fa? In ruwa ya sauko, taɓo ya wanke mini riga?"

"Ya ƙara mata kyau. Rigar nan ta girmi babana."

"Ta kuma fi shi hankali."

Na yi kamar ban ji ba, amma wallahi a ranar na yarda da Baba.

Tsinke ya koma kan giya. Ya kwance wayoyin, ya cire wannan ƙarfen da ke reto a baya, ya zare tarin haƙoran gaba ɗaya. Baba ya miƙe tsaye, ya koma ya zauna, ya sake miƙewa.

"Kai, ɗan nema! Giyar za ka cire? Ai ita ce darajar keken!"

"Tun ina goye nake ganin keken nan, ban taɓa ganin ka sauya giya ba. Duba, haƙori ɗaya ne ya side, sauran tsatsa ta rufe su. Kamar dai bakinka."

"Bakina ya ci naman da kai ba ka taɓa jin ƙamshinsa ba."

"Shi ya sa ya yi ritaya. Giya ɗaya za ka samu, ba waya, ba ƙara, ba abin lalacewa."

Ya zazzage wani gwangwani cike da ragowar kayan keke, ya zaɓo faranti mai haƙora da yawa. Baba ya sa sanda ya ture shi.

"Wannan na masu ciwon gwiwa ne. Sa mini ƙaramin, na maza, wanda in na taka sau ɗaya sai kwanar titi."

"In ka taka sau ɗaya sai asibiti. Babban zan sa, ka hau tudun kasuwa kana waƙa."

"Mutane su ga ina wulwula ƙafa kamar mai keken ɗinki?"

"Su gan ka a kan keke dai, ko ba shi ne maganar ba?"

Baba ya juya ya kalle ni, ya ce, "'Yar nan, leƙa mana." Na leƙa. Wata mota ta shawo kwana, na ɗauka tamu ce, ashe ta maƙwabta ce. Ƙaurin albasa ya biyo ni daga kicin, na ruga na sauke tukunya.

Da na dawo Tsinke ya rage kaca, yana ja da tayar baya yana latsa kacar da yatsa, kada ta yi sako-sako ta faɗi, kada kuma ta ɗame ta ci gwiwa. Sai na lura tayoyin ba na Baba ba ne. Sirara ne, masu walƙiya. Ashe ya sauka ya kwanto na kekensa, wanda yake cin abinci da shi. Na buɗe baki, ya harare ni, na rufe.

"Waɗannan tayoyin na sata ne?" in ji Baba.

"Aro na ba ka. In ka mutu na karɓe abina."

"To ka fara koyon tafiyar ƙasa, don da sauranka."

Tsinke ya ɗaga kan keken sama don kada Baba ya riƙa duƙawa, ya naɗe mariƙin da tsohuwar robar taya, ya miƙa hannu zai kwance sirdi.

"Taɓa sirdin nan ka ga aljani! Ni da shi mun saba."

"Ai na gani, har ya ɗauki kamanninka. Na bar maka, ba wanda zai iya zama a kai sai kai." Ya goge hannu a wando. "Bismilla, Tsoho. Ɗaga mu gani."

Baba ya naɗe hannun riga, ya zura kafaɗa ya ɗaga. Keken ya tashi, har na fara hamdala. Amma ya yi taku kaɗan sai bayan ya rinjaye shi, tayar ta daki ƙasa, ya dafa bango yana haki.

Tsinke ya shiga zagaye keken kamar wanda ya yar da allura. Ya cire famfo. Ya cire ƙararrawa, ya auna ta a tafin hannu, ya mayar. Ya tsuguna yana kallon fedoji, ya tashi, ya sosa kai. Duk wanda ke da ido ya ga abin da ya rage: kariyar baya, ƙatuwa, ta baƙin ƙarfe, da wani ɗan matashi da ya koɗe ɗaure a kanta. A nan marigayiya surukata take zama, duk inda za su, har shekarar da ta kwanta. Tsinke ya zagi kowane noti a jikin keken nan, amma ko kallon wurin ya ƙi yi.

"Ka tsallake wani abu," in ji Baba.

"Ban tsallake komai ba. Bari in cire birkin baya."

"Ka kashe ni ka huta? Na ce ka tsallake wani abu."

"Wannan ai ba ta da nauyi."

"Ƙarya kake. Ta fi ka nauyi." Baba ya ƙura masa ido. "Au, tausayina kake ji? Tun da ka shigo kake zagina ina jin daɗi, yanzu kuma za ka yi mini ladabi? Ashe na mutu ban sani ba. Zage ta mana, kamar sauran!"

Tsinke ya juya ya kalli kariyar. Can ya ce, "To... wannan gadon asibitin da ka ɗaura a baya, uban wa zai hau? Wace mai tsautsayin ce za ta sake yarda ka goya ta?"

"Yawwa! Yanzu na ji jikana. Miƙo sifana."

Da kansa ya tsuguna. Notin ya ƙi, ya ciji leɓe ya murɗa, ya ƙi yarda a taya shi. Daidai nan na ji hon ɗin da na sani a ƙasa, na ce, "Baba, ya iso." Bai ko ɗago ba sai da kariyar ta fita. Ya riƙe ta ɗan jim, ya kaɗe ƙurar matashin da tafin hannu, sannan ya dangwara wa Tsinke a ƙirji har ya yi baya.

"Ungo. Ka ci ni yau. Ɗaura a naka, ko ka yi nauyin da iska za ta ƙyale ka. Ka kuma nemo wadda za ta zauna a kai. Kakarka tun daga ƙofar gida take yi mini faɗa har mu je mu dawo, Allah ya ba ka wadda ta fi ta baki."

"Amin, Tsoho," in ji Tsinke, yana dariya yana share ido da gefen hannu.

Baba ya zura kafaɗa, keken ya tashi cak, bai ko girgiza ba. Ya taka matakala ta farko, ya leƙa ƙasa inda takun maigidana ke tahowa, ya kaɗa ƙararrawa da babban yatsa.

"Kai, yaro! Matsa gefe, ubanka zai wuce!"